Marmara, giranit, tayil, tarazo ko katako: wane daɓe ya dace da gidan shaƙatawar mazauna?

A manyan rukunin gidaje na Abuja, irin na Guzape da Katampe da Jabi, da ma sababbin da ke tasowa a Kano da Kaduna, yanzu da wuya a sayar da gidajen alfarma ba a ware gini guda na kowa da kowa ba. Shi ne gidan shaƙatawa, ko kulob kamar yadda mazauna ke ce masa. A ciki akwai zauren taro, da falon hira, da ɗakin motsa jiki, da wurin ninkaya, sau da yawa har da ɗan masallaci a gefe. Idan aka zo ƙawata cikinsa, hankalin kowa yakan tafi kan fitilu da labule da kujeru, alhali waɗannan duka ana iya sauya su cikin mako guda. Daɓe kuwa in an shimfiɗa an shimfiɗa ke nan. Cire shi sai an rufe ginin, an fasa, an kwashe ɓaraguzai, an sake biyan kuɗi. Shi ya sa gardamarsa ta fi kowace tsawo a zaman kwamiti, kuma ba a rasa wani Alhaji da ya dawo daga Dubai ko Istanbul da hoton harabar otal a wayarsa yana cewa, "Irin wannan za a yi mana."

Tun daga nan zan faɗi inda na tsaya: kada ku zaɓi daɓe ɗaya wa ginin gaba ɗaya, kuma kafin ku tambayi mai zane abin da ya fi kyau, ku tambayi kanku wa zai riƙa goge shi kullum da safe, da me, kuma wa zai biya.

Abin da za ku auna kafin ku shiga kasuwa

Na farko ƙura da yashi. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma yashin da takalma ke shigowa da shi rani da damina. Matsalar ta wuce datti. Masana duwatsu suna da ma'aunin tauri da ake kira Mohs, daga 1 zuwa 10, kuma ƙwayar yashi tana kan 7. Duk daɓen da taurinsa bai kai nan ba, yashi zai ci shi a hankali, taki bayan taki. Ku riƙe wannan lambar, za mu yi ta komawa kanta.

Na biyu abin da ake zubarwa. A zauren kulob ake walima da suna da kamu, a nan ake buɗa-baki na azumi da taron shekara na mazauna. Ke nan zoɓo zai zube, lemo zai zube, kunun tsamiya da shayi da miyar manja za su zube. Lalle zai ɗiga. Wata rana garwashin turaren wuta zai faɗo daga kasko. Daɓen da bai iya jure waɗannan ba, bai dace da zauren bikinmu ba ko da daga wace ƙasa aka kawo shi.

Na uku santsi. Yara za su fito daga ruwa da gudu, masu alwala za su fito da jiƙaƙƙun silifa, dattawa da sanda, mata da takalmi mai tsini. Kamfanonin tayil na ƙwarai suna rubuta ƙarfin riƙon ƙafa a jikin kwali, daga R9 zuwa R13 ga wurin da ake takawa da takalmi, sai A da B da C ga wurin da ake takawa ba takalmi a jiƙe; R13 da C su ne mafiya riƙo. Mafi yawan masu saye ba su taɓa juya kwalin sun karanta ba.

Na huɗu sauyin danshi. A Kano danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, ya haura kashi 70 a Agusta. Abuja ba ta kai haka bushewa ba, amma tazarar tana nan. Dutse bai damu da wannan ba. Katako ya damu ƙwarai.

Sai amo. Babban zaure mai daɓen dutse da bangon gilashi da dogon silin, in mutum ɗari suka taru, ba wanda zai ji jawabin shugaban kwamiti saboda amsa-kuwwa.

Na ƙarshe kuɗi, kuma kuɗi biyu ne. Akwai na saye da sawa, wanda mai gina rukunin ke biya sau ɗaya. Akwai na kula, wanda ke fitowa daga kuɗin hidimar da mazauna ke biya duk shekara har illa ma sha Allahu. Mai gini yana son abin da zai yi kyau a hoto ranar ƙaddamarwa, mazauna kuwa su za su zauna da shi. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi farashinsa na bin dala, ga kuɗin kwastam, ga dakon tirela daga tashar jirgin ruwa ta Legas zuwa Abuja fiye da kilomita 700, zuwa Kano kusan 1,000, ga abin da zai fashe a hanya.  Farashin ranar kuwa ku ji shi da bakin 'yan kasuwar Dei-Dei a Abuja ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Orile in a Legas za ku saya, kuma ku ji aƙalla baki uku.

Marmara

Ba wanda zai musa kyanta. Jijiyoyin da ke jikinta babu biyu iri ɗaya, haske yana shiga cikinta kaɗan kafin ya dawo, shi ya sa ƙyallinta ke da zurfin da tayil bai da shi. In aka yanka fale-fale daga dutse ɗaya aka jera su fuska da fuska, zanen ya haɗu a tsakiya, ko wanda bai san komai game da gini ba sai ya tsaya ya kalla. Fararen da aka fi nema daga Carrara ta Italiya suke zuwa, Calacatta ta fi su tsada, mai ruwan madara da ake kira Crema Marfil daga yankin Alicante na Sifen take, sai na Turkiyya da Masar da suka fi sauƙin kuɗi. Mu ma muna da marmara a ƙasa, a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo da wasu wuraren, sai dai abin da ake haƙowa ya fi tafiya masana'antu da tsakuwar tarazo fiye da manyan fale-falen daɓe.

Ga inda gizo ke saƙa. Taurin marmara wajen 3 ne, yashi kuwa 7. A bakin ƙofar shiga, inda kowa ke takawa, ƙyallin zai dushe ya bar hanya guda mai dishi-dishi tsakiyar harabar, gefe da gefe kuma na sheƙi. Na biyu, marmara dangin farar ƙasa ce, duk abu mai tsami yana narkar da fuskarta. Ku gwada da kanku: ku karɓi guntu a wurin mai sayarwa, ku matsa lemon tsami ɗigo biyu, ku bar shi minti biyar, ku goge, ku karkata shi ga haske. Za ku ga wurin ya yi fari-fari, ya rasa ƙyalli, kuma ba sabulun da zai dawo da shi domin ba datti ba ne, dutsen ne ya ci. Zoɓo yana yin wannan ya kuma ƙara da jan tabo. Maganin toshe ƙofofin dutse da ake shafawa yana jinkirta shigar tabo, amma ba ya hana tsami ci.

Mafi munin abokin gabarta ma ba baƙo ba ne, mai goge-goge ne mai kyakkyawar niyya. Ya ga tabo, ya ɗauko ruwan wankin bayi mai asid ya tsiyaya, cikin minti ɗaya ya yi ɓarnar da sai an kawo injin gurza. Kuma ba laifinsa ba ne in ba a koya masa ba.

Sauran abin lura: nauyinta. Falle mai kaurin santimita 2 ya haura kilo 50 a kowace murabba'in mita, don haka in a bene ne sai injiniya ya amince. Fara kuma tana iya yin rawaya-rawaya in danshi na tasowa daga ƙasa. Abin da ke cetonta shi ne ana iya sabunta ta: a gurza, a goge, ta dawo kamar jiya aka sa, sau da yawa a tsawon rayuwarta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sa marmara ya ware kuɗin gurza a kasafin kowace shekara ko biyu, ya kuma tabbatar akwai ƙwararren da zai zo in an kira.

Giranit

Taurinsa 6 zuwa 7, wato kusan kunnen doki da yashi, kuma tsamin zoɓo ko lemo ba ya cinsa. Ana jan kujerun haya masu ƙafar ƙarfe a kansa bai nuna ba. Ga shi kuma dutsenmu ne: ƙasar Abuja da kewayenta a kansa take zaune, kuma akwai masu yanka shi da goge shi a cikin gida, don haka za a iya samu ba tare da an taɓa dala ba, kuma in falle ya fashe bayan shekara biyar ana iya samun ɗan'uwansa. Na waje sun fi zuwa daga Indiya da Sin da Brazil.

Aibinsa biyu. Wanda aka goge ya yi ƙyalli, in ruwa ya taɓa shi santsinsa ba kama hannun yaro, don haka a matakala da bakin ƙofa sai a nemi wanda aka babbake fuskarsa da wuta ta yi kaushi, ko wanda aka goge rabi ba ƙyalli. Na biyu launi. Baƙin giranit mai ɗigo-ɗigon zinariya yana jan ido a wurin mai sayarwa, amma a watan Janairu in aka goge da ƙarfe bakwai na safe, kafin azahar za ka ja yatsa a kansa ka rubuta sunanka. Ƙurar hunturu fara-fara ce, a kan baƙi take fi tona asiri. Mai ruwan toka ko mai ɗigo-ɗigo ya fi rufa wa masu shara asiri. Masu hasken launi kuma suna iya shan mai, don haka su ma suna son a shafa musu maganin toshewa.

Akwai masu cewa giranit ya yi kama da harabar banki. Da gaskiyarsu in aka shimfiɗe shi ko'ina. A matsayin matakala da dokin ƙofa da ƙawanyar daɓe kuwa, ban san abin da ya fi shi ba.

Tayil ɗin fosilin

Ba kowane tayil ba ne fosilin, kuma a nan ake yawan cutar masu saye. Na gaske ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,200, ya zama ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa. Gwajinsa a kasuwa mai sauƙi ne: juya bayansa, ɗiga ruwa. In ruwan ya tsaya ya yi ƙwallo, to da alama shi ne. In ya shanye nan take, tayil ɗin bango ne ko na ɗakin kwana aka ba ku da sunan fosilin. Ga wurin jama'a a nemi wanda ƙarfin fuskarsa ya kai 4 ko 5 a ma'aunin jure gogayya da ake kira PEI, riƙon ƙafa kuma aƙalla R10.

Shi ne ya fi kowa amsa tambayoyin da muka jero. Yashi ba ya yi masa illa da wuri, tsami ba ya cinsa, manja da lalle ba sa shiga, garwashi ba ya ƙona shi, mai goge-goge kuma ko ya yi kuskuren sabulu ba a shiga uku ba. Ana samunsa santimita 60 da 60, 60 da 120, 120 da 120, har manyan fale-fale masu tsayin mita biyu da rabi ko fiye, da zanen marmara ko katako ko siminti. Farashinsa kuma yana da faɗi: na gida daga masana'antun Ajaokuta da jihar Ogun, na Foshan ta Sin da Morbi ta Indiya a tsakiya, na Castellon ta Sifen da Sassuolo ta Italiya a sama, wanda wani lokaci ya kan kamo marmarar Turkiyya a tsada.

To ina matsalar? A hannun mai sawa. Tunda fosilin ba ya shan ruwa, kwaɓin siminti da yashi irin na da ba ya kama shi da kyau. Gam ɗin tayil na buhu ake so, a shafe ƙasa da bayan tayil ɗin in babba ne. Mai sawa da ke son gamawa da wuri zai ɗora dunƙule biyar ya danna. Bayan wata shida kujera ta faɗi a kusurwa, tayil ya tsage domin ƙarƙashinsa rami ne. Kafin ku biya kuɗin ƙarshe, wani daga kwamiti ya ɗauki mukulli ya bi zauren yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau zai ba da amo a dunƙule, mai rami zai yi ƙwal-ƙwal. A sa alli a kan kowane mai rami, a cire shi kafin a sallami ɗan kwangila.

Haka nan tazara. Masu gida suna son a manne tayil da tayil don ya yi kama da falle ɗaya. A babban zaure wannan ganganci ne: zafi na buɗa daɓe, sanyin na'ura na tsuke shi, wata rana da dare sai a ji ƙara, a wayi gari layi guda ya tashi ya yi tsauni. A bar milimita 2 zuwa 3 tsakani, a bar tazarar numfashi a gindin bango da kuma tsakiyar zaure in yana da faɗi. Abin cike tsakanin ma a sa na ifoksi, wani gam na sinadari mai daskarewa da ƙarfi, a inda ake cin abinci, domin na siminti shi ke fara yin baƙi.

Abu biyu da fosilin ba zai ba ku ba. Ba a gurza shi; in fuskarsa ta ci ko ta tsage, sai sauyi. Kuma launi yana bambanta daga gashi zuwa gashi ko da sunan iri ɗaya ne, don haka ku duba lambar da ke jikin kwalaye ta zama ɗaya, ku ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka auna, ragowar a kulle a sito da sunan ƙungiyar mazauna. Na biyu, mai kwaikwayon marmara in mai araha ne zanensa kaɗan ne, sai ka ga jijiya ɗaya tana maimaituwa kowane taki uku. Ku sa a buɗe kwali huɗu ko biyar a shimfiɗa a ƙasa kafin ku yi ciniki.

Tarazo

Duk wanda ya yi makarantar gwamnati ko ya shiga tsofaffin ma'aikatu da asibitocin da aka gina a shekarun 1960 da 1970 ya taka shi: tsakuwar marmara ko giranit a cikin siminti, an raba da siraran layukan tagulla, an gurje ya yi sumul. Da yawansu suna nan har yau bayan shekara hamsin na rashin kulawa. Asalinsa daga Venis ta Italiya ne, kuma ya dawo yayi a otal-otal da filayen jirgin sama na duniya, mu ne dai muke masa kallon kayan da.

Abin da ya sa nake son a sa shi cikin lissafi shi ne zane. Tunda a wurin ake zuba shi, ana iya lanƙwasa layukan tagulla a fitar da dagi a tsakiyar haraba, ko irin zayyanar da magina ke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya da Damagaram, da launin ƙasa-ƙasa da ja da baƙi. Kulob ɗin zai zama na nan, ba kwafin na Dubai ba. Kayan aikinsa kusan duka na gida ne, ƙura ba ta nunawa a kansa sosai saboda ɗigo-ɗigon, kuma ana sabunta shi da gurza kamar marmara.

Sai dai kada a yaudari kai. Na siminti tsami yana cinsa, domin simintin da tsakuwar marmarar duka ba sa jure asid, ko da yake tabon ba ya fitowa fili kamar a farar marmara. In kankaren ƙasa ya tsage, shi ma zai bi sahu. Aikinsa na ɗaukar makonni, da ruwa da caɓi da ƙarar inji, don haka a sabon gini ya fi dacewa, ba a wanda ake amfani da shi ba. Akwai na ifoksi, siriri, mai launuka masu haske da jure tabo, amma sinadarinsa daga waje yake, tsadarsa na iya kamo marmara, kuma ba ya son danshi daga ƙasa ko rana kai tsaye. Babbar matsala ita ce hannu: tsofaffin gwanaye sun yi ƙaranci. Duk wanda ya ce ya iya, ya kai ku ku ga aikin da ya yi shekara uku ko fiye da suka wuce, ba hoto a waya ba.

Katako da masu kama da shi

A falon hira ko ɗakin karatu, katako na ba da ɗumi da natsuwar da dutse ba ya bayarwa, yana kuma rage amo. Katakon loko da na tik sun fi jure gara da danshi. Amma katako na numfashi: a hunturu ya tsuke, tsakani ya buɗe har ƙura ta cika, a damina ya kumbura, gefuna su ɗaga. In ba a busar da shi yadda ya kamata ba, kuma yawancin na kasuwar katako ba a yi ba, shekara ɗaya ta isa ta nuna. Wanda aka harhaɗa hawa-hawa, aka ɗora fallen katako na gaske a sama, ya fi zama lafiya da sauyin yanayi, sai dai daga waje yake kuma sau ɗaya ko biyu kawai ake iya kankare shi. Ruwa, takalmi mai tsini da garwashi duk abokan gabarsa ne.

Laminet kada ma ya shigo zancen. Cikinsa garin katako ne da aka matse, mofa mai ruwa ta isa ta kumbura shi. Na roba mai tauri da ake kira SPC ruwa ba ya yi masa komai, ana sa shi cikin kwana biyu, kuma yana da sauƙin kuɗi. A nemi mai fatar sama ta milimita 0.5 ga wurin jama'a. Garwashi na narkar da shi, rana ta taga na iya lanƙwasa shi, kuma ƙafa ta san ba katako ba ne. Ya yi a ofis da ɗakin wasan yara, bai kai harabar alfarma ba.

Kafet da roba

Kafet daga bango zuwa bango a zauren da ake cin tuwo da miya, asara ce. Wurinsa masallaci da ɗakin kallo, inda ake cire takalmi ko ake son shiru, kuma sai da injin zuƙe ƙura mai ƙarfi. Na gutsattsari, 50 da 50, ya fi domin ana cire wanda ya ɓaci kaɗai. Ɗakin motsa jiki kuwa roba kawai: milimita 8 zuwa 10 ƙarƙashin injuna, 20 ko fiye a inda ake sakin ƙarfe.

| Daɓe | Kuɗin saye da sawa | Jure yashi | Jure tsami da tabo | Santsi in ya jiƙe | Kula | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Marmara | Mafi tsada | Rauni | Rauni ƙwarai | Sosai | Mai yawa, da gurza | Asid da zoɓo |
| Giranit | Tsaka-tsaki zuwa tsada | Ƙwarai | Da kyau | Sosai, sai mai kaushi | Kaɗan | Faɗuwa. Baƙi na nuna ƙura |
| Fosilin | Daga sauƙi zuwa tsada | Ƙwarai | Ƙwarai | Ya danganta da lambar R | Mafi ƙanƙanta | Mugun sawa. Rashin irinsa daga baya |
| Tarazon siminti | Tsaka-tsaki | Da dama | Tsaka-tsaki | Tsaka-tsaki | Tsaka-tsaki | Tsagewa. Ƙarancin gwanaye |
| Katako | Tsada | Rauni | Rauni | Kaɗan | Mai yawa | Danshi, gara, garwashi |
| SPC | Sauƙi | Da dama | Da kyau | Kaɗan | Kaɗan | Zafi da rana |
| Kafet | Tsaka-tsaki | Yana tara ƙura | Rauni | Babu | Mai yawa | Tabo da wari |

Wanne ga wa

In kulob ɗinku na biki ne, wato kusan kowane ƙarshen mako akwai taro, zauren ya zama fosilin marar ƙyalli, R10, mai ruwan ƙasa ko toka, manyan fale-fale. Maganar amsa-kuwwa a magance ta a silin da bango da labule masu kauri, sai darduma da ake shimfiɗawa a naɗe bayan taro. Matakala da bakin ƙofa giranit mai kaushi. Kewayen wurin ninkaya da wurin alwala tayil mai alamar B, matakalar shiga ruwa kuma C. A nan kada kowa ya kawo zancen ƙyalli.

In rukunin ƙarami ne, gidaje kaɗan, mazauna masu hali da suka yarda da kuɗin hidima mai nauyi, kuma akwai kamfanin kula da gini na dindindin, to marmara na da wuri. Amma ku ɗaga ta daga inda ake takawa da ci: bangon haraba, fuskar teburin karɓar baƙi, ginshiƙai, ko da'ira a tsakiyar falon da ba a shiga da abinci. A nan ido zai same ta, yashi da zoɓo ba za su same ta ba. Alhajin da ya zo da hoto ma zai gamsu, domin abin da ya burge shi a otal ɗin yawanci bangon ne da hasken da aka haska masa.

In gini sabo ne, akwai lokaci, kuma kuna son abin da ba a gani a rukunin maƙwabta, ku ba tarazo haraba da baranda, bayan kun ga tsohon aikin mai yin. In kuɗi ya yi ƙaranci, fosilin na gida mai kyau da ƙwararren mai sawa ya fi na Sifen a hannun ɗan koyo; ku rage a kan tayil, kada ku rage a kan gam da lada. Katako a bar shi ga ɗaki ɗaya, wanda na'urar sanyaya ɗaki ke aiki a cikinsa kullum kuma ba a shiga da kasko.

Saura ku da kuka gaji marmara shimfiɗe ko'ina daga mai gini, ba ku aka yi shawara da ku ba. Kada ku fasa. Ku sa tabarmar kakkaɓe takalmi mai tsawo a kowace ƙofa, wadda mutum zai yi taki huɗu ko biyar a kanta kafin ya hau dutsen, ɗaya a waje ɗaya a ciki. A share ƙura da busasshiyar mofa kafin a kawo ruwa. A fitar da duk wani ruwan wanki mai asid daga siton kulob, a bar sabulun dutse kaɗai, a kuma zauna da masu goge-goge a nuna musu gwajin lemon tsami da idonsu. Ƙafafun kujeru a sa musu roba. Wanda zai yi biki a zauren ya ajiye kuɗin jingina, a rubuta a takardar haya cewa za a shimfiɗa leda da darduma ƙarƙashin teburin abinci da na abin sha. Lokacin gurza na gaba, ku ce a bar zauren rabin ƙyalli maimakon kamar madubi: ya fi ɓoye karce da cin tsami, santsinsa ya ragu, kuma tazarar da ke tsakanin gurza da gurza za ta ƙaru.